ƊALIBI A CIKIN KARA: YADDA HORON FARKO KE GINA MALAMIN DABBOBIN GOBE

Daga Sabangali, Injamena

 Muna so a wannan fitowa mu yi bayani a kan wata magana da yawancinmu ke ganin ba ta shafe mu ba, alhali kuwa ta shafe mu har cikin aljihu. Maganar ita ce ta yaran nan 'yan jami'a da muke gani jefi-jefi a kara, riƙe da littafi da biro, suna raɓe-raɓe a bayan malamin dabbobi, suna tambayar da ba ta ƙarewa.

A zaman da muka yi kwanan baya wani ɗan'uwa ya ce shi bai ga amfaninsu ba, in ban da tare hanya da ƙirga wa mutum shanu da ido. Wani kuma ya ce ai 'yan leƙen asirin masu haraji ne. To, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi abin da muka sani game da su, da abin da idonmu ya gane mana, domin yaron da ka kora yau daga gindin sanka, mai yiwuwa shi ne zai riƙe hatimin da za a buga wa takardarka gobe.

MENE NE WANNAN HORO?

Masu Faransanci suna ce masa "sitaj", a Hausa kuwa sai mu ce horon sanin makamar aiki. Wato makaranta ce ke ba ɗalibi takarda, ta tura shi wurin da ake yin ainihin aikin da yake karantawa, ya zauna wata ɗaya, ko biyu, ko uku, a ƙarƙashin wani wanda ya riga shi. Na ƙarshen karatu yakan fi haka tsawo. In ya gama sai ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamansa ya kare abin da ya rubuta, sa'an nan a ba shi maki. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun san irinsa, don tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin da ake kira SIWES, wanda da shi ake tura ɗalibai masana'antu da gonaki da asibitocin dabbobi.

Mu da muka yi Islamiyya abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaro yakan karanta babin gado a littafi har ya haddace, amma sai ran da ya zauna gefen malaminsa ana raba gadon gaske, ga magada suna hararar juna, ga shanu da gona da bashi, sa'an nan zai gane inda karatun ya dosa. Haka mu ma aka yi mana a fatauci. Babu wanda aka miƙa wa jari ran da ya fara zuwa kara. Igiya aka fara miƙa mana.

Yaran da ke zuwa mana daga wurare dabam-dabam suke. Akwai na Jami'ar Injamena, wadda aka kafa a 1971 da sunan Jami'ar Chadi, aka sake mata suna a 1994. Sashenta na kimiyya yana Farsha, wani sashen kuma ga shi nan maƙwabtanmu a Ardeb Jumal, unguwar da ma'anar sunanta da Larabcin nan ita ce tsamiyar raƙuma. Shi ya sa mu mazauna Sabangali muka saba da su, suna hayar ɗakuna a lungunanmu, suna karatu a bakin kogin Shari da la'asar. Akwai na babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Abeshe, wadda aka buɗe a 1997, mai sashen koyar da kiwo. Akwai kuma masu karatun likitan dabbobi a makarantar haɗin gwiwar ƙasashe da ke Dakar, wadda aka kafa a 1968, waɗanda kan dawo gida lokacin hutu su yi horonsu. A ɗaya ɓangaren iyaka kuwa akwai 'yan Jami'ar Maiduguri da na Ahmadu Bello ta Zariya.

Wuraren da ake tura su ma mun san su. Na farko shi ne ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Farsha, wanda ya fara aiki a 1952 a hannun Faransawa, ya dawo hannun Chadi a 1985, kuma tun 2012 ake kiransa IRED. Takwaransa a Nijeriya shi ne na Vom, kusa da Jos, wanda aka kafa a 1924. Na biyu mayanka, inda ake koya musu duba nama. Na uku ofisoshin malaman dabbobi da ke kasuwanni da mafitar iyaka, wato inda suke haɗuwa da mu.

DON ME ABIN YA DAME MU?

A ƙidayar dabbobi da aka yi tsakanin 2012 da 2015, an samu Chadi na da dabbobi wajen miliyan 94, a cikinsu shanu kusan miliyan 25. Mu ne ke ɗebo wani kaso na wannan dukiya daga Masaget, da Durbali, da Masakori, da Musoro, mu ƙetare da ita Kamaru, mu fita ta Fotokol zuwa Gamboru Ngala, daga nan sai Maiduguri, inda ake loda tirela zuwa Legas da Anaca da Fatakwal. A duk tsawon wannan hanya, sa ba ya tafiya da ƙafa huɗu kawai. Yana tafiya da takarda: ta allura, ta lafiya, ta kwastan, da fasfon dabbobi na hukumar CEBEVIRHA, wadda hedkwatarta ke nan Injamena. Kowace takarda kuwa akwai hannun da ke sa mata hannu, kuma mai wannan hannu wata rana ɗalibi ne da ya zo horo.

Waɗanda suka kai shekarunmu ba su manta da bushiya ba. An yi gangamin allura tun 1962 a ƙasashe huɗu na kewayen Tafkin Chadi, har aka ɗauka an gama da ita, aka saki jiki. Sai ga ta a ƙarshen 1982 ta shigo daga gabas, a 1983 ta faɗa Nijeriya. Muna yara a lokacin, muna bin iyayenmu kara, mun ga mutanen da suka kwanta da garke suka tashi da sanda. Sai da aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya daga 1986, aka yi ta fama, kafin a 2011 a bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya. Malaman da suka bi ruga-ruga da akwatin ƙanƙara a bayan mota da doron raƙumi, su suka yi wannan aiki. Yau bushiya ta tafi, amma ciwon huhu yana nan, ɓoru yana nan, sammore da saifa da harbin daji suna nan. Ke nan har gobe muna bukatar malamin da ya san dabba da hannunsa.

YARON DA 'YAN KORA SUKA SA WA SUNA "MUSHE"

Bari mu kawo misali da wani yaro, ɗan wata maƙwabciyarmu a nan Sabangali, wanda ke karatun kiwo. Aka tura shi horo ofishin malamin dabbobi na wata kasuwa da muke ci. Uwarsa ta aiko a roƙe mu mu sa masa ido, muka ce ba komai, ɗa na kowa ne.

Ran da ya fara zuwa, ya sauka daga kilando cikin farar riga da baƙin takalmi mai sheƙi, a tsakiyar damina. 'Yan kora suka dube shi sama da ƙasa, suka ce ga Mushe ya iso. Shi ya ɗauka girmamawa ce irin ta Faransanci, su kuwa kun san mushen da suke nufi. Kafin azahar takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, wani ɗan maraƙi ya ja shi ƙasa, littafin ya faɗa cikin kashin shanu. Daɗin daɗawa, ya ji dillali ya ce "alif riyal", ya rubuta sefa 1,000. Sai da muka zaunar da shi muka ce, "Yaro, riyal ɗin kasuwa shi ne dalarmu, sefa 5 ke nan. In ka ji dubu, to 5,000 ake nufi." A gidansu ya san wannan lissafi sarai, a wurin sayen tumatir. Amma makaranta ta saba masa da rubuta kuɗi da Faransanci, ruɗanin kara ya sa ya manta. Da yamma ya ce mana, "Baba, ni dai ina ganin na zaɓi karatun da ba nawa ba." Muka ce ya je ya sayi takalmin roba ya dawo gobe.

Wannan shi ne darasin farko da horo ke koya wa ɗalibi, kuma babu ajin da ake koyar da shi: ya san cewa bai sani ba. Da yawa a nan suke karaya. Wanda ya dawo kashegari kuwa, to ya ɗauki hanya.

Ya dawo. Muka haɗa shi da wani tsohon dillali wanda bai taɓa shiga aji ba. Mako biyu bai bar shi ya taɓa sirinji ba. Ya koya masa ta inda ake tunkarar sa, da inda ake tsayawa kada a sha harbi, da yadda ake jefa igiya a ƙaho, da yadda mutum uku ke kayar da bijimi ba tare da an karya shi ba. Ya koya masa bambanta jan sa na Bororo da na Larabawa da Kuri mai kumburarren ƙaho na bakin tafki, da halin kowanne a hanya: wane ke jure ƙishirwa, wane ke saurin ramewa. Ya nuna masa cewa kafin a taɓa dabba ana tsayawa nesa a dube ta tukuna. Shin hancinta a jiƙe yake? Tana tuƙa? Gashinta a kwance yake ko a tashe? Tana cikin 'yan'uwanta ko ta ware?

Da aka zo kan haƙori, yaron ya buɗe littafinsa ya ce haƙoran girma biyu na farko kan fito wajen shekara 2, takwas ɗin kuma su cika tsakanin shekara 4 da 5. Tsohon ya ce haka ne, amma shanun littafinka a Turai suka ci suka ƙoshi, namu da ke shan rani sukan yi jinkiri, sai ka ƙara musu 'yan watanni. Yaron ya koma ya tambayi malaminsa, aka ce masa tsohon ya yi gaskiya. Daga ran nan ya daina yi wa mutanen kara kallon jahilai.

INDA KARATUN YA YI RANA

To, kada a ce mu kaɗai muka koyar. A cikin wata na biyu muka ga wasu bijimai da aka kawo daga arewa, farashinsu ya faɗi ƙasa da na kasuwa. Mun riga mun biya 'yan kora kuɗin hanya, muna neman abin da za mu cike garke da shi mu tashi. Damin ɗin mai shanun, wato mai tsaya masa, ya tabbatar mana ba na sata ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Har mun fara taya su, sai yaron ya matso ya ce a hankali, "Baba, don Allah a dakata. Dubi wancan na gefe."

Muka duba. Yana tsaye ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, numfashinsa gajere. Mu ma mun gan shi, amma mun ɗauka gajiyar hanya ce, kuma araha ta rufe mana ido. Yaron ya roƙa a kora shi da gudu kaɗan. Da ya tsaya sai tari, irin mai fita da ƙyar. Ya fito da ma'aunin zafin jiki ya gwada. Ya ce lafiyayyen sa yakan tsaya tsakanin 38 da 39, wannan kuwa ya haura 40, ga shi da sauran safiya, ba a ce zafin rana ba ne. Ya ce yana zaton ciwon huhu ne, kuma shi ba shi da ikon yanke hukunci, sai ya kira maigidansa.

Muka ce to a cire wannan ɗaya mu sayi sauran. A nan ne ya faɗa mana abin da ba mu sani ba duk shekarunmu a kara. Ya ce ciwon huhu yakan ɓuya a jikin dabba daga mako 3 har zuwa watanni kafin ya nuna, kuma ta numfashi yake yaɗuwa, ke nan waɗanda suka kwana da shi a turke ɗaya ba a san abin da suka ɗauka ba. Ya ce wanda ma aka ɗirka wa allurar teramisin ya miƙe, mai yiwuwa cutar na nan dunƙule a huhunsa, wahalar tafiya ta tashe ta, ya shafa wa sauran. Gaskiya ranmu ya ɓaci, don kowane kwana da muka ƙara kuɗin ciyawa ne da na ruwa da na abincin 'yan kora. Amma muka haƙura. Malamin dabbobi ya zo ya duba, aka daidaita da mai shi, aka kai san mayanka. Da aka buɗe ƙirji, sai ga ruwa rawaya ya cika shi, huhu ɗaya ya ƙame ya manne da haƙarƙari, in an yanka sai ka ga zane-zane a ciki. Yaron ya tsaya yana kallo, hannunsa na rawa. Ya ce sau da yawa ya ga hoton wannan a littafi, yau ya gani da ido.

Ba mu sayi ko ɗaya ba. Da mun zuba su cikin namu muka yi kwanaki a hanya, ana kwana tare ana shan ruwa tare, Allah kaɗai Ya san abin da zai isa Maiduguri. Tun daga ranar 'yan kora suka bar ce masa Mushe, suka koma Malam.

Kafin ya gama ya gyara mana abubuwa da dama da muka ɗauka ƙanana ne. Ya nuna mana cewa raba kwalbar maganin sammore ta sa ɗaya ga shanu biyu asara ce, don ba ta kashe cutar, sai ma ta koya mata jure magani. Ya koya wa yaranmu auna ƙirjin sa da igiyar awo don a kimanta nauyinsa kafin a ɗebi magani. Ya ce a riƙa duba ranar lalacewar magani a jikin kwalba, a bar sayen wanda ya wuni a rana a kan tabarma. Ya bayyana mana cewa kowane magani na da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa shi, don kada ya bi nama ya shiga cikin mutane. Ya kuma ce allurar rigakafin huhu ba ta wuce kimanin shekara ɗaya tana kare dabba, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba a ajiye ta, balle a kwana da ita.

Rahotonsa a kan ciwon huhu a kasuwannin shanu ya rubuta shi. Daga baya ya ce mana kafin horon nan burinsa kujera ce da fanka a ma'aikata, bayansa kuwa ya san aikin daji yake so. Yau yana da ɗan shagon maganin dabbobi na halal a wani gari a hanyarmu, yana kuma bin ruga yana allura. In garkenmu ya zo wucewa, shi ke fara duba shi.

NA BIYUN, WANDA MU MUKA ƁATA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wani yaron da ya zo horo a wani ofishi da ba za mu ambata ba. Shi ba a haɗa shi da kowa ba. Aka ba shi tebur da hatimi, aka ce in an kawo takarda ya buga. Wata uku bai shiga turke ba. Mu kuwa da muke sauri, mun ga hanya ta samu: a miƙa takarda, a saka ɗan na goro a ƙarƙashi, a wuce. Ran farko ya ƙi karɓa, har kunya ta kama shi. Wani daga cikinmu ya ce, "Haba ɗana, karɓi mana, kuɗin kilando ne, kowa haka yake yi." Ya karɓa.

Bayan wasu shekaru muka tarar da shi a wani shinge, ya zama ma'aikaci. Takardunmu cikakku ne, shanunmu lafiyayyu, amma sai da muka wuni a rana, don na goron da ya yanka mana ya fi ƙarfinmu. Bai ko leƙa shanun ba. Muna ta zaginsa a hanya, sai wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ku yi shiru, karatun da kuka biya masa ne yake maimaita muku." Babu wanda ya amsa.

Yaran nan biyu kusan aji ɗaya suka fito, littafi ɗaya suka karanta. Abin da ya raba su shi ne wata ukun farko, da irin mutanen da suka tarar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe.

INA SUKE ZUWA BAYAN HORO?

Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk wanda ya gama karatu, wannan kowa ya sani. Saboda haka horon farko shi ne sau da yawa ke nuna wa yaro ƙofar da zai bi. Wanda ya zauna a ɗakin bincike ya ji daɗin madubin ƙara girma, yakan ci gaba da karatu ya zama mai bincike. Irinsu ne suka yi aiki tare da masanan Suwizalan a farkon shekarun 2000, lokacin da aka gwada yi wa shanun makiyaya da 'ya'yansu allura a fita ɗaya a Shari Bagirmi da Kanem, haka kuma a gangamin yi wa karnukan Injamena allurar haukan kare a 2012 da 2013. Wanda ya zauna a mayanka yakan zama mai duba nama, kuma ana bukatar irinsu, musamman da aka buɗe babbar mayanka ta zamani a Mundu a 2020. Wasu sukan shiga ayyukan taimakon makiyaya irin PRAPS, wanda Bankin Duniya ya fara a 2015 a ƙasashe shida na Sahel har da Chadi da Nijar. Wasu su buɗe shago. Wasu kuma, kada ku yi mamaki, su shigo fatauci.

Ba masu karatun dabbobi kaɗai ke da amfani a wurinmu ba. Ku tuna wahalar da muka sha. A 2014 fitinar Boko Haram ta toshe hanyar Gamboru, muka koma zagaye, wasu ta arewacin tafki zuwa Gigimi da Difa, wasu ta kudu su ɓulla Mubi. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa sai Disamba 2020. A farkon 2023 takardar naira ta yi wuya saboda canjin kuɗi, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki farashinta ta faɗi, alhali sefa tana ɗaure da yuro. Mutum ya sayar da riba a Legas, kafin ya canza kuɗin ya dawo gida riba ta zama faɗuwa. Ɗalibin lissafin kuɗi ko na shari'a da ya zauna da falke wata biyu, zai iya tsara masa littafin shiga da fita, ya raba masa kuɗin da doka ta sa da wanda aka ƙaƙaba masa a hanya, ya karanta masa takardar Faransanci da ta Turanci kafin ya dangwala yatsa. Shi kuma ɗalibin ya tafi da sanin da babu shi a allo.

ABIN DA MUKE ROƘON 'YAN'UWA

Na ɗaya, in ɗalibi ya zo, a nemi ganin takardar makarantarsa da sunan ma'aikacin da ke kula da shi. Wannan ya kawar da zargin leƙen asiri, ya kuma tsare mu daga 'yan damfara.

Na biyu, a haɗa shi da mutum ɗaya mai haƙuri wanda ya san dabba, kada a bar shi yana yawo tsakanin turaku kamar baƙon da ba shi da masauki.

Na uku, kada a mai da shi ɗan aiken sayo shayi da katin waya. Ya riƙe igiya, ya shiga taɓo, ya kwana da garke ko da dare ɗaya ne.

Na huɗu, yawancin waɗanda muka gani ba a biyansu ko sisi, ga Farsha nesa, ga kasuwannin bayan gari sun fi nisa. Wanda Allah Ya hore wa ya ba shi abinci da kuɗin mota a fili, gaban mutane, a matsayin taimako. Amma kada a haɗa wannan da takarda ko hatimi, ko da wasa.

Na biyar, in ya tambayi farashi ko adadin da ya mutu a hanya, a faɗa masa gaskiya ko a ce ba za a faɗa ba. Ƙaryar da muka yi masa ita za ta shiga rahoto, rahoton ya hau teburin manya, a yi mana doka a kan ƙarya.

Na shida, yanzu akwai 'yan mata a cikinsu. A ɗauke su kamar 'ya'yanmu, a tsawata wa yaran kara su kama bakinsu. Su ne ke iya shiga wurin matan ruga, inda maganar nono da maruƙa da awaki take, inda namiji baƙo ba ya shiga.

Ku kuma ɗalibai, in wannan takarda ta faɗo hannunku, ga namu guzurin. Ku zo da sassafe, don kara ba ta jiran mai barci. Ku gai da mutane kafin ku buɗe littafi. Ku koyi ƙirga da Larabci da Hausa da Fulatanci ko da kaɗan ne. In kun ga kuskure ku faɗa a asirce cikin ladabi, kamar yadda yaron can ya yi mana, kada ku kunyata dattijo gaban yaransa. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku kira na gaba da ku. Kuɗin farko da za a tura muku a ƙarƙashin takarda kuwa, ku mayar da shi, ko da daga hannunmu ya fito.

Muna ba da shawara a zama mai zuwa a buɗe rajista, duk mamban da ya yarda ya karɓi ɗalibi ɗaya a shekara ya ba da sunansa da kasuwar da yake ci, sakatare ya kai jerin ga makarantun da ofisoshin malaman dabbobi. Mu nan Sabangali mun riga mun sa namu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da dukiyarmu daga annoba da ɓarayin hanya, Ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.